Taku Goma Daga Dutse

Ranar sussuka a gonar kakata a Roni na fara lura da abin. Mata na dukan gero da tabarya, dutsen da ke gabas yana maido da sautin, kamar akwai wata mace a cikinsa tana taya su aiki. Na yi ta matsawa ina ja da baya ina tafi. In na kusance shi sai ya ƙi amsawa, domin sautin yana dawowa da sauri har ya haɗe da tafin. Sai na ba shi taku talatin yake amsa mini sarai.

Na rubuta duk wannan a littafin waƙoƙina, ban da yawan takun. Shi a kaina na bar shi.

A makarantarmu ta kwana a Kazaure, malamin kimiyya ya ce wadda ta kawo gwaji mafi kyau ita za ta wakilce mu a gasa. Wata 'yar ajinmu, mai gadon da ke saman nawa, ta ari littafin wai za ta karanta waƙa. Bayan kwana biyu sai ga malam yana yabonta a gaban aji, yana karanto kalmomina, har da macen cikin dutse.

Da na tare ta sai ta yi dariya. "Ke ba waƙa kika iya ba? Bar mana kimiyya, ƙawata."

Ban kai ƙara ba. Jira na yi.

Ranar gwaji malam ya kai mu gindin dutsen bayan makaranta da hantsi. Mai aron littafin nan ta raɗa mini, "Ke, a ina zan tsaya?"

"Matsa kusa mana, ya fi jin ki."

Da kaina na ƙirga mata taku goma. Ta tafa, babu amsa. Ta sake, ta sake, har tafin hannunta ya yi ja. Wata daga baya ta ce, "Yi masa sallama tukuna, bai san ki ba!" Aka kwashe da dariya.

Malam ya ce, "Yaya kika yi a can ya amsa?" Ta sunkuyar da kai.

Na juya wa dutsen baya, na taka talatin a hankali, ina jin daɗin kowane taku. Na tafa sau ɗaya. Ya amsa.

Ni na je gasar. Har muka gama makaranta ba ta ƙara yi mini magana ba. Mutane kan ce ni mai haƙuri ce. In na tuna jan hannun nan nata, har yau murmushi nake.