Ranar da Dabo Ya Ƙi Kaɗa Ganga

Duk wanda ya taɓa noma a wajajen Kazage ya san Dabo makaɗin gayya. Ɗan guntun mutum ne, ga baki. In ya rataya gangar noma ya kama taken saurayi, ko rago ne sai dai a gan shi a ƙarshen kunya yana haki. Kowa da takensa, kuma duk suna cikin kan Dabo. Matarsa Azumi takan ce, "Malam, da haka kake riƙe fartanya, da rumbunmu ya tsage."

To, da 'yan bindigar daji suka ƙwace gonakin bakin dajin Kamuku, sai suka aiko cewa ranar Asabar samari su fito su nome musu dawa, Dabo kuma ya zo da gangarsa. Sun san tsoro yana kai mutum gona, amma ganga ce ke sa ya sunkuya da zuciya ɗaya.

Munzali, ɗan Dabo na fari, ya jawo adaka, bindigarsu ta toka, daga ƙarƙashin gado yana gogewa.

"Baba, gara mu tare su a rafi."

"Su kuma su ƙone garin? Zauna. Akwai wani tsoho a Indiya, a rediyo na ji labarinsa, ramamme kamar sillen kara. Shi ya koya wa mutanensa kada su doki azzalumi, kada su gudu, su dai hana shi hannunsu."

"Turawa ya yi wa haka, Baba, masu kotu da jarida. Waɗannan wace kunya suka sani?"

Dabo ya jawo gangarsa. Ya daɗe yana shafa fatar gangar.

Ranar Asabar ya tafi da ita, don kada a ce ya gudu a huce kan gari. Da suka isa, ya ajiye ta bisa kunya, ya zauna gefenta.

"Tsoho, kaɗa mana!" in ji babbansu, yaron da Dabo ya yi jika da shi.

"Ɗana, take yabo ne. A gonar ɗan'uwa ake kiran sunan mutum. Ba na kiransa a gonar da aka kori mai ita."

Da gindin bindiga suka dake masa hannun dama. Munzali ya zabura da fartanya.

"Munzali!" Dabo ya daka masa tsawa. "In ka ɗaga ta, ba ni ba kai."

Fartanyar ta sauka a hankali.

An yi noman, kada in yi muku ƙarya. Amma shiru aka yi shi, kamar ana haƙa kabari, rana ta faɗi ko rabi ba a kai ba.

Yatsun Dabo ba su sake riƙe abin kiɗa ba. A majalisa har yau ana gardama, wasu su ce jarumi ne, wasu su ce ya ba da hannunsa a banza. Azumi ba ta shiga. Man kaɗanya take shafa masa, tana duban Munzali da ya dawo mata da rai.

Yanzu Munzali ke rataya gangar, uban na faɗa masa take da baki. Adakar kuwa tana nan ƙarƙashin gado. Kullum da safe sai Dabo ya leƙa ya ga ko ta motsa.