Ranar da Baba ya kira sunana

Wata Asabar cikin bazarar 1976, shekarar da zafi ya ƙone ciyawar Landan har ta koma kalar kara, Baba ya shigo flat ɗinmu na Bloomsbury da taswira a hammata, ya shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci, ya dangwala yatsa a bakin teku ya ce gobe za mu ga rairayi. Ina da shekara tara, ina tsaye kan ƙaramar kujera ina kankare ƙanzon tuwon semolina. Ban juyo ba, domin na san ba da ni yake ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ba a kiran sunan 'yar fari. Umma takan ce “Yaya”, wai da bakin ƙanena Bashir da ke goye. Baba kuwa “ke” ce, in kuma yana ba wani labarina sai ya ce “ita wannan”. A makaranta malamai na kiran Hadiza sau goma kafin a tashi, ko da sun karya shi, amma a gida sunan kamar an kulle shi a akwati. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasarmu, gwamnati na ta turo ma'aikata kwas, Baba na cikinsu. Mutumin arewacin Borno ne, can wajen Yusufari, inda tuddan rairayi ke tafiya da kansu. Shekara biyu yana hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, yana saukowa, ba ya ganin komai sai bulo da hazo, duk ya ƙosa. Rayuwarmu ba ta wuce hawa uku na matakala da nake sharewa ran Lahadi, da kwalaben madara da nake ɗaukowa a ƙofa, da tsallen igiya a filin makaranta mai kwalta ba. In an gama cin abinci sai ya fara labarin yadda suke sulmiyowa daga kan tudu a kan busasshiyar fata, ya rufe da cewa, “Rairayi ba ya cin ɗan gida.”

Jirgin ƙasa ya sauke mu a wani ƙauye, inda wani manomi mai jar fuska yake ba da hayar tsohuwar jif ga masu son hawa tudu. Ya miƙa wa Baba makulli da wata 'yar takarda mai lokutan cikar teku da janyewarsa, yana ta nuna agogo. Baba ya yi murmushi irin na wanda ake koya wa ɗan kifi iyo, ya ninke takardar ya jefa aljihu. Ni kuwa na gane nufin manomin, domin a zangon da ya wuce malamarmu ta kawo daro cike da ruwa ta karkata shi, ta nuna mana yadda teku ke tafiya ya dawo sau biyu a rana. Na buɗe baki na rufe. Yarinya ba ta gyara wa ubanta magana, balle ni da ko idona ba ya son haɗawa da nasa.

Gaskiya Baba ya san rairayi. Ya durƙusa ya rage iskar tayoyi, ya naɗe hannun riga, ya hau tudun farko ba tare da motar ta yi ko tari ba. Muka gangaro, Umma na riƙe da ƙofa tana salati, Bashir na ƙyalƙyala dariya. Ban taɓa ganin haƙoran Baba a waje haka ba. Da la'asar ta yi sai ya bar tuddan, ya miƙe da mu can cikin wani fili mai faɗi mai danshi, har tekun ya zama zare a gabanmu, tuddan suka ƙanƙance a baya. A garinsu, inda ƙasa ta yi danshi ta yi tauri nan matafiyi ke sauka. Ya shimfiɗa darduma ya tayar da salla.

Yana raka'a ta biyu na waiwaya. Wani ɗan kwari da muka tsallaka a bushe ya fara sheƙi. Ruwan bai zo da ƙara ba, kuma ba ta gaba ya zo ba, ta baya ya zagayo yana rarrafe. Na taɓa Umma na nuna mata. Ta dubi ruwan, ta dubi bayan Baba, ta ce a hankali, “Bari ya sallame.” Ban taɓa ganin salla mai tsawon wannan ba. Kafin ya juya kai hagu, gefen dardumar ya jiƙe.

Ya tayar da mota, tayoyin suka juya a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ya sauko ya tone da hannu, ya cusa tabarmarmu ƙarƙashin taya kamar yadda ake yi a gida, amma wannan rairayin duk abin da ka tone sai ya cike da ruwa. Ya ce da Umma ta ɗauki yara ta nufi tudu, shi ba zai bar amanar mutane ba. Umma ta ƙara ɗaure goyo ta wuce. Ni na tsaya, na ce, “Baba, ruwan nan zai rufe motar har sama. An koya mana.” Shi ne karo na farko da na faɗa masa abin da bai tambaye ni ba. Bai ɗago ba. Ya ce, “Ke, wuce.”

Na wuce ina kuka. Umma ta riga ta haye kwarin, ruwa ya kai mata cinya, tana ta yafito ni. Da na shiga ya kai mini ƙugu, sanyinsa kamar ƙanƙara, sannan ƙirji. Rairayin ya zame ƙarƙashin ƙafata, na faɗi, gishiri ya cika mini hanci. Na ɗago, na sake nutsewa. A tsakanin nan ne na ji wata murya da ban san Baba na da ita ba, ta ratsa filin nan duka: “Hadiza!” Sau uku. Can na ji hannu ya damƙi wuyan rigata, ya ɗora ni a kafaɗa. Da muka hau tudu ya zauna yana haki, yana riƙe da ni tamau, ina kallon ruwa na shiga ta tagar jif ɗin. Shi kuwa bai sake duban motar ba.

Washegari taraktar manomin ta jawo motar. A jirgin dawowa Baba ya zaro takardar nan da ta jiƙe, ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Ke, riƙe wannan.” Daga nan aka koma gidan jiya, har Allah ya karɓi ransa.

Yanzu ina zaune a Barking, jikokina na zuwa hutu ƙasashen Larabawa, su hau tudun rairayi a mota da direba da bel a ƙirji, su turo mini hoto suna ihu. Iyayensu na kiran sunansu tun safe har dare, har yaran ba sa ko amsawa. Ba na ce nasu ya fi ko namu ya fi ba. Ni dai sau uku na ji nawa a bakin mahaifina, kuma har yau bai ƙare mini ba.