Sista Lois Mai Yankan Kati

Shekara ashirin da biyu Lois ta yi tana yankan kati a wani ƙaramin asibiti a Herwagana. Ba nas ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba, amma ta ɗinka wa kanta farar riga, kuma duk wanda bai ce mata Sista ba sai ya yini a kan benci.

Aikinta rubuta suna da shekaru, sai ta haɗa da alƙalanci. In matashiya ta sunkuyo ta yi mata raɗa, ita sai ta amsa da muryar da har masu jiran awon ciki za su ji.

"Tazarar haihuwa? Ke? Duka-duka nawa kike?"

Haka ta yi wa Asta, matar wani ɗan acaɓa daga Nasarawo, 'yar shekara ashirin, da goyo a baya da wani a hannu. Asta ta tsallake asibitin unguwarsu ne don kada maƙwabta su gan ta. Kuɗin keken ma a na cefane ta tsakura.

"Mijinki ya sani?" in ji Lois.

"Shi ya ce in zo, Sista."

"To je ki zo da shi. Kowa ma haka take cewa."

Mijin kuwa, Jalo, in ya ajiye babur yini ɗaya ba a ɗora tukunya a gidan. Asta ta gyara goyonta ta fita, idon kowa a kanta. Ta ƙare a wani kemis, aka danna mata allurar da ko sunanta ba a gaya mata ba. Wata biyu jini bai tsaya ba.

A makon ne aka sauke Najeeba a mota, ɗiyar wani darakta, ɗalibar jami'a, ita ma da irin wannan buƙata. Lois ta miƙe har kujera ta faɗi.

"Maraba da 'yata! Ya Hajiya?"

Da kanta ta raka ta ɗakin likita, ta ja labule. Ashe ta iya magana ƙasa-ƙasa. Zancen miji bai ko taso ba.

Da Asta ta ɗan farfaɗo, Jalo ya zo ya tsaya gaban teburin, hular kwano a hannu, ya gaya mata abin da ya faru.

"Ni na aike ta kemis?" Lois ta ce, tana jera katuna. "Rashin wayewa ne ke damun ku."

Kuma har zuciyarta haka ta yarda.

Bara ta yi ritaya. Aka yanka kek, aka ba ta turmin atamfa biyu, ta yi jawabi da hawaye kan yadda ta riƙe yaran mutane kamar nata. Yanzu tana sayar da zoɓo a ƙofar gidanta. Ba ta manta wadda ta zo asibiti ba, da shekarar, da abin da ya kawo ta, kuma duk wanda ya zauna shan zoɓo zai ji.