Ranar da Amarya ta Tayar da Wasanmu

Shekaru sun ja, amma ba zan taɓa manta ranar da matar yayana ta tayar da wasan ƙwallonmu na yarinta ba.

A Tasawa muka tashi ni da shi, da wata tsohuwar na'urar wasa da kawunmu ya kawo mana. Manet biyu gare ta, abin da ake riƙewa a buga, kuma ta biyun kullum tawa ce. Da na'urar ta daina karanta faifai, sai wasan ya mutu.

Bayan aurensa, ina koyarwa a Mayahi, na sa wa ordinatata, wato kwamfutata, manhajar da ke kwaikwayon na'urar. Na yi ta fama, allo baƙi ƙirin, sai rubutun cewa babu BIOS, ɗan fayil ɗin da ke farkar da na'ura. Da hutu na tafi da ita gidansa, ina murna za mu yi faman mu biyu kamar da.

Muna tsakar gida bayan la'asar amarya ta leƙo. A Maradi ta karanci kwamfuta.

Ta ce, "Malama, tsohuwar na'urar tana kunnuwa har yanzu?"

Na ce tana yi, tana nan ajiye a ɗakin Yaya. Ta kwafo fayil ɗin daga cikinta, ta sa shi inda manhajar ke nema. Sai ga kiɗan buɗewar nan da muka sani tun muna yara.

Yaya ya ce, "Kin ji shi?"

Na buɗe baki zan amsa, ashe ita yake kallo. Ita ya miƙa wa manet tawa. Na zauna ina kallon yana kama yatsunta yana nuna mata yadda ake ba da ƙwallo.

Can ya ba ni tasa, ya ce mu gwada ni da ita. Na yi ta zura mata ƙwallaye babu tausayi, ko murmushi ban yi ba. Ita kuwa dariya take, tana cewa, "Dama ya faɗa mini ba a cin ki."

Yaya bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Ƙanwata, wasa ne fa."

Kunya ta rufe ni. Tun ranar na koyi cewa in ɗan'uwanka ya sami mai faranta masa rai, ba a rage maka komai ba, sai abin da ka rage wa kanka da ɗaure fuska.