Kajin Inna da Ruwan Kanal

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta rasu ban wuce goma ba. Ba ta bar dukiya ba. Ta bar kwanuka da kaji. Kwanukan aka raba, kajin aka ce nawa ne: zakara ɗaya, da 'yan kaji, da wata kaza wake-wake da take ci a tafin hannunta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun tamanin ɗin nan ruwan kanal na noman rani bai daɗe da iso mana ba. Mutanen da suka tashi suna tattalin ruwan tulu da rani, sai ga ruwa yana gudu a bayan gida, ba mai hana ka. Kowa ya ɗauka babu abin da ruwa ba ya gyarawa. A wanke keke, a wanke akuya, a wanke turmi.

Akurkin kajin yana jingine da bangon ɗakin Baba. Inna ce take kula da shi, tun kafin in farka, don haka ban taɓa ganin yadda take yi ba. Da ta tafi, ba wanda ya taɓa shi. Wari ya taso.

Baba mutum ne mai zafin rai. Yana wuni a gonar tumatir da alkama, ya dawo ba ya son ko tari. Wata yamma ya tsaya a kaina.

"Sule, warin nan ya hana ni barci. Ga ruwa Allah ya kawo har bayan gida. Kullum ka wanke akurkin nan. In ranar kasuwar Bunkure ta zo ina jin warin nan, duk a kwando za su tafi."

Na wanke. Kullum da safe ina ɗaukar bokiti in je kanal, in dawo in sheƙa. Daɓen akurkin ƙasa ne, sai ya zama caɓi. Warin ya ninka. Ƙuda ya cika wurin. Wake-wake ta daina ƙwai, ta koma tsayuwa da ƙafa ɗaya a lungu. Baba ya ce lalaci nake, in ƙara ruwa, ya nuna mini bulalar jakinsa da ke rataye a bakin ƙofa. Na ƙara ruwa.

Iya, mahaifiyar Baba, idonta ya yi rauni amma hancinta lafiya lau. Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta ce masa yi ko bari. In ya gaishe ta da safe, takan amsa tana kallon bango. Haka iyayenmu na da suke da ɗan fari. Na kai mata kuka, ta ce, "Ina ruwana da kajinka, mijin banza, ko cefane ba ka kawo mini."

Lokacin sanyi ne. Bayan isha'i takan sa a hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ni da ƙanwata da 'ya'yan baffana. Ba ta fara tatsuniya sai Baba ya gama cin tuwo ya fita wajen abokansa. Ran nan, saura kwana biyu kasuwa, yana zaune a tabarmarsa hannunsa a cikin kwano, sai muka ji ta gyara murya.

"Ga wata nan ta taso, wa zai matsa mata ta zauna?"

Muka kalli juna. Muka kalli Baba. A hankali muka ce, "Ta zauna mu ji."

Ta ce wai Kaza ce uwarta ta mutu ta bar mata ɗaki, ba ta san yadda ake riƙe shi ba. Ɗaki ya fara wari. Maƙwabcinta Agwagwa, wanda bai daɗe da samun kududdufi ba, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Shi da ruwa yake wanka, dubi yadda yake ƙyalli. Ta ɗebo ruwa ta zuba. Kaza ta zuba. Wari ya tashi ya bi iska har daji, ya shiga hancin Tunku.

Nan Iya ta rage murya. Ta ce Tunku ba ya gudu. Daren farko a bakin daji ya kwana. Kaza ta ƙara ruwa. Dare na biyu ya kwana a gindin shinge. Kaza ta koma wurin Agwagwa tana rawar sanyi, ya ce ruwan ne bai isa ba. Iya ta riƙa jan yatsunta a kan tabarma, ƙar, ƙar, kamar farcen Tunku, tana waƙa:

"Hanci ja ni, hanci kai ni,
Inda aka jiƙa, can zan ci."

Ƙanwata ta ƙanƙame ni. Ni ba Tunku nake tsoro ba. Kunnena yana wajen tabarmar Baba. Na ji ya daina taɓa kwano.

Iya ta ce, da Tunku ya iso ƙofa, Kaza ta fita ta baya da gudu, ta faɗa murhun wata tsohuwa da wutarsa ta mutu. Ta yi birgima a toka don tsoro. Jikinta ya bushe, wari ya ɗauke. Tunku ya ɗaga hanci, babu Kaza. Abin da ya rage mai danshi a unguwar, gidan Agwagwa ne. Can ya nufa.

"Agwagwa ba mugu ba ne," in ji Iya. "Abin da ya sani ya faɗa. Amma wa ya taɓa ganin kaza ta shiga rafi wanka? Nan ta tsaya. Wanda bai ƙoshi ba ya lashi hannunsa."

Sai Bintu, 'yar baffana, ƙarama ce ba ta san komai ba, ta ce, "Iya, ai kamar akurkin Sule. To wane ne Agwagwa?"

Ba wanda ya yi motsi. Kara yana ƙara a wuta. Iya ta ce, "Ni ban san wani Sule ba. Kaza na sani."

Baba ya wanke hannu. Ya miƙe. Ya wuce ta gabanmu, inuwarsa ta rufe wutar, ya fita.

Da safe na ɗauki bokiti. A ƙofar ɗakin Iya na ga kasko cike da toka. Tana ciki tana magana da bango: "Tokar nan ta ishe ni, ba mai kwashewa."

Na daɗe a tsaye. In na zuba ruwa, na bi maganar Baba, kaji sun tafi. In na zuba toka, na saɓa masa, ga bulala. Na ajiye bokitin.

Na ɗauki fartanya na kankare caɓin har na tarar da busasshiyar ƙasa. Na yaye jinkar akurkin rana ta shiga. Na barbaɗa toka, na roƙo ɓuntun shinkafa a maƙwabta na shimfiɗa. Ina durƙushe Baba ya dawo ɗaukar wani abu.

"Ina bokitin?"

"Ga shi can, Baba."

"Na ce ka daina?"

"A'a."

Ya kalle ni. Ya kalli ƙofar ɗakin Iya. Ya kalli tarin da na kankaro.

"Wannan ka zuba a buhu. Taki ne, albasa na so."

Ya tafi. Ban san abin da ya yanke ba. Wunin nan ban ci abinci ba.

Ranar kasuwa ya ɗauko kwando. Ya tsuguna a bakin akurki ya sa kansa ciki. Warin bai tafi duka ba, kwana ɗaya ba ya isa. Amma ya lafa, sai ƙanshin toka a kansa. Wake-wake tana kwance tana birgima, tana watsa masa toka a riga. Ya miƙa hannu. Ya wuce ta, ya kamo zakaran. Shi kaɗai ya ɗaure a bayan keke. Ya riga ya yi magana, ba zai tafi da kwando wayam ba.

Daga cikin ɗaki Iya ta ce, "Sule, ka ce wa mai gidan nan ya sayo mana gishiri."

Har yau ina kiwon kaji. Na yi dako, na yi gadi, na binne mutane da yawa, amma duk inda na zauna akwai akurki, kuma ruwa ba ya shigarsa sai na sha. Shara da safe, toka, rana. Shi ke nan.

Na daɗe ina zaton darasin daren nan toka ce. Sai da na yi furfura na gane abin da tsohuwar ta yi. Tana cin tuwonsa, ba ta gani sosai, ba ta da wani ɗa namiji mai ƙarfin riƙe ta. Duk da haka ta gaya masa ya yi kuskure a gaban yara. Amma ta bar masa ƙofa. Tunda ba a ambaci sunansa ba, yana iya juyawa ba tare da an ce an kayar da shi ba.

Har ta rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kuma ban san wani mahaluki da ya taɓa yi masa magana ya ji, in ba ita ba.