Kwamfutar Baba Dauda da Littafin Itatuwa

Har gobe ban manta da ranar da Baba Dauda ya shigo shagonmu na Tudun Wada ba. Ranar Litinin ce, cikin damina, ya sauko daga kan acaɓa rungume da kwamfuta irin ta kan tebur, ya naɗe ta da zanen gado don kada ruwa ya taɓa ta. A lokacin ni ne babban ma'aikaci a shagon. Sama da ni sai mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, ko da yake ban taɓa ganin takardarsa ba.

Baba Dauda tsohon malamin firamare ne daga Tudun Jukun. Bayan ya yi ritaya ya duƙufa kan rubuta littafi game da itatuwan ƙasar Zazzau: sunan kowace bishiya, inda take fitowa, da maganin da ake yi da ita. Shi yake faɗa, matarsa Malama Saratu, wadda ta yi aikin tafireta a ofis, ita take bugawa. Ta rasu shekara biyu kafin lokacin, shi kuma idanunsa sun yi rauni.

Ya ce mini, "Ɗana, ta koma kamar ni, sai ta yi nishi kafin ta tashi. An ce memori ɗinta ne ya cika. Har hotunan bikin 'yata na goge don ta sami sarari, amma ba ta canja ba."

Na ce, "Baba, wanda ya gaya maka haka ya haɗa abu biyu ne."

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in yi bayani kamar yadda na yi masa. A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, shi ne kamar durowa, nan rubutunka da hotunanka suke kwana. Akwai kuma ram, wani ɗan siririn allo mai tsawon yatsa biyu, shi ne kamar saman tebur inda ake baza takardu ana aiki. In teburin ya yi ƙanƙanta, kome ka kwashe daga durowa aiki ba zai yi sauri ba. Kwamfutar Baba ram guda ke cikinta, ƙarami, ga kuma gurbi ɗaya a gefensa babu kome. Abin da take bukata ke nan.

Ƙa'idarmu ita ce duk na'urar da ta shigo a rubuta mata kati: sunan mai ita, ciwonta, da aikin da za a yi. Na rubuta da manyan baƙi cewa a ƙara ram kawai, kada a taɓa faifan ajiya. Na liƙa katin a jikinta. Abin da ban yi ba shi ne kwafe littafin a wani wuri kafin ta kwana a shagon. Na san ya kamata, amma na ce ai aikin minti biyar ne.

Matsalar ita ce ram na tsohuwar kwamfuta ba iri ɗaya ba ne da na zamani, tsagar da ke bakinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Na zagaye Sabon Gari ban samu ba. Ranar Laraba na shiga motar Kano, na tone kwandon wani mai sayar da tsofaffin kaya har na dace da guda.

Da na dawo ranar Alhamis da safe, sai na tarar da kwamfutar a kunne a kan teburin Injiniya, fuskarta fes, babu kome sai sabon Windo, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Katina yana ƙasa, an taka shi.

Na ce, "Oga, me aka yi mata?"

Ya ce, "Fomatin na yi mata. Ɗansa ya bugo daga Abuja yana faɗa wai mun riƙe wa tsoho kaya. Dubi yadda take gudu yanzu."

Fomatin shi ne share faifan ajiya gaba ɗaya. Na tambaye shi ko ya kwafe abin da ke ciki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tarkacen tsofaffi ne. Na cire faifan na yini a kansa da manhajar dawo da abin da aka goge, amma sabon Windo da wasannin da Injiniya ya loda sun hau kan wurin. Abin da na tsamo bai wuce shafi uku ba, kan tsamiya da rabin bayanin marke, sauran duk zane-zanen banza.

Baba ya zo da la'asar. Injiniya ya tare shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, Allah ya taimake ka ka kawo ta da wuri. Ƙwayar cuta ta riga ta cinye kome tun kafin ta zo nan. Da ƙyar muka ceto injin." Sai ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba ne, Lawal?"

Matata tana da tsohon ciki a lokacin, kuma ba ni da wani wurin aiki. Na dubi ƙasa na ce, "Haka ne."

Baba ya ce, "To littafin fa? Akwai inda Saratu take sa nata bayanin a ƙasan nawa, abin da ta ji wajen kakarta. Wannan ban haddace ba."

Ya sa hannu ya shafa saman kwamfutar, ya ce, "Laifina ne, da na bar cuta ta shige ta." Ya yi mana godiya. Wallahi godiya ya yi mana.

Kafin ya tafi na buɗe ta na sa ram ɗin da na sayo. Na danna shi ya yi ƙas, na rufe. Ko minti biyar ɗin ma bai cika ba.

Bayan mako biyu na kai masa shafi ukun nan har gida. Na yi niyyar gaya masa gaskiya, amma da ya sa na karanta masa su, ya ce in maimaita, na maimaita, sai na kasa. Bai sake komawa kan littafin ba. Ya rasu yana ganin shi ya yi sakaci.

Na ƙara shekara biyu a shagon ina gaishe da Injiniya kowace safiya. Yau shagunansa uku, har gayyatarsa ake yi ya koyar da matasa.

Ku da kuke koyon aikin nan a hannuna, kun sha jin haushina don na hana a kwance ko da noti ɗaya kafin a kwafe kayan mutum. Dalilin ke nan. Wanda ya kawo mana na'ura ba ya ganin abin da ke cikinta, duk abin da muka faɗa masa shi zai ɗauka ya tafi da shi gida. Shi ya sa maƙaryaci yake daɗewa a sana'ar nan ba a kama shi ba. Kuma ba ya yin ƙaryar shi kaɗai, kullum akwai wani a gefensa da ya san gaskiya, ya ce haka ne. A shagonmu, ni ne.