Godiyar da Ban Yi wa Yayan Mijina Ba

Da safen nan labarin ya same ni, ina durƙushe gaban murhu ina yin kisra, gurasar dawa ta nan Sudan. 'Yata Hauwa ce ta kira daga Sinja, ita da ke ce mini Yumma, wato uwa. Ta ce, "Yumma, Baba Dakta ya rasu." Daga nan ta kasa ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan la'asar ya gama darasi, ya ce ƙirjinsa na masa nauyi. Ɗalibansa suka kai shi asibiti. Bai ga hantsin yau ba. Ɗazu aka kawo shi ƙauye aka yi masa sutura.

Yayan mijina ne. Ku da kuke bibiyata saboda hotunan lalle da turaren wuta ba ku san shi ba, don ban taɓa ambatonsa ba. Kuma ba a nan kaɗai ba. Tun da aka kawo ni gidansu amarya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Haka muka taso a ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad. Mace ba ta kiran sunan yayan miji, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Ko mai kantin bakin hanya da ke da suna irin nasa, "mai sunan Yaya" nake ce masa.

Yau wata kunyar ce daban ta rufe ni.

Tun safe ɗalibansa ke rubutu a Fesbuk, na Madani, na Sinja, na Damazin, kowa yana kiran sunansa yana cewa ya gode. Ni da ya fi yi wa alheri, ban taɓa ce masa na gode ba. Ko sau ɗaya.

Abin da yake koyarwa, girid suke ce masa. Ni firamare na tsaya, ba zan yi ƙaryar na iya ba. Ɗan abin da na sani, ta bayan zana na ji shi, ranar da Inna, mahaifiyarsu, ta tsare shi.

Ta ce, "Kai, wannan yawo naka na mene ne? Yau Madani, gobe Sinja, jibi Damazin, kamar mai tallan albasa. Jami'a ɗaya ba ta ishe ka ba?"

Ya ce, "Inna, kin tuna gayyar tsinkar auduga a hawasha, gonar Baba? To shi ke nan. Kwamfutocin Madani kaɗan ne, na Sinja kaɗan, na Damazin ba a magana. Sai na haɗa su ta intanet su yi gayya. A yanka babban lissafi, kowace ta ɗauki layinta. In wutar kahraba ta ɗauke a Sinja, na Damazin su ƙarasa."

Inna ta ce, "To wa ke dafa musu abincin gayyar?"

Ya ce, "Ni ne mai dafawar. Shi ya sa kike ganina a bas kullum."

Na cusa gefen tob, mayafinmu na nan, a baki don kada a ji dariyata.

Haka yake yi wa ɗaliban ma. Sai ya ɗauki ɗaya daga kowace jami'a ya ba su aiki guda. Hauwa ta shekara tana aiki da wata yarinya ta Damazin ba su taɓa haɗuwa ba. Yau suka fara ganin juna, a tsakar gidanmu, suka rungume suna kuka.

Ba don shi ba, da Hauwa ba ta shiga jami'a ba. Babanta ya ji tsoron ta zauna nesa da gida. Yaya ya ce, "Ni duk mako ina Sinja. In ta ɓata, ni za ka tambaya." Amma da ta faɗi jarrabawarsa ta farko, ta je tana masa hawaye, sai ya ce, "A gida ke 'yata ce. A aji ba ni da 'ya. Je ki sake."

Ƙauyenmu na kan hanyarsa, saboda haka yakan sauka ya gaida Inna kafin ya kama wata motar. Ba ya zuwa hannu sake. Dabino, sabulu, wani lokaci mangwaron Sinja.

Wata rana ya bar tabarau wajen Inna, ya ce a ba uwar Hauwa. Ashe ya lura ina miƙa allura nesa kafin in zura zare. Har yau ban san yaushe ya gani ba, mutumin da ba ya ɗaga kai in na wuce.

Wayar nan da nake rubutu da ita ma shi ya saya.

Duk ta bakin Inna nake aika godiya. Ina ganin hakan ya isa.

Zuwansa na ƙarshe, tare suka zo da Hauwa, ta gama babban aikinta. Ya zauna ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ya buɗe laftop a kan gado, ya ce, "A kira uwar Hauwa ta zo ta ga abin da 'yarta ta yi."

Na fito da shayi, na ja tob na rufe fuska, na tsaya daga nesa.

Ya ce, "Maryama, matso mana. Kin ga waɗannan fitilun kore? Kwamfutocin gari uku ne, 'yarki ke ba su umarni suna bi. Yau dai ki zauna ki gani. Mun tsufa, ni da ke, kunyar ta isa haka."

Wallahi na shirya maganar. Tun a ɗaki na haddace ta. Zan ce, Yaya, na gode da Hauwa, na gode da komai.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Shayin zai huce."

Na ajiye tire na koma ɗaki da sauri.

Na ji ya yi dariya, ya ce wa Hauwa, "Ƙyale ta. Sai wani zuwan."

Ban ga fitilun ba. Ban ga fuskarsa ba.

Ɗazu, bayan an dawo daga maƙabarta, na shiga wajen Inna. Na ce mata ina so in roƙi mutane su yi masa addu'a, amma ban san yadda zan yi ba, tunda sai an faɗi wanda za a yi wa.

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Ke kina ganin ke kaɗai ce? Ɗan farina ne. Ni na haife shi, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. Kai, kai, kai nake ce masa, har ya tafi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ke da kika iya wannan abin na waya, rubuta mana mu biyu. In wani ya yi magana, ki ce ni na sa ki."

To ga shi.

Sunansa Usman. Dakta Usman ɗan Abdullahi.

Usman, na gode. Na gode da Hauwa, na gode da tabarau, na gode da haƙurin da ka yi da ni. Inna ma ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Usman, ka haskaka kabarinsa, ka sa abin da ya koyar ya riƙa binsa da lada. Ka ba Inna da iyalinsa haƙuri.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ku kira sunansa da ƙarfi in za ku yi.